Karatun da ke Gindin Ɗorawa

Wani dare cikin hunturun ƙarshen shekarar 2023 muna zaune a tsakar gida a Gubuchi, an kawo tuwon dawa da miyar kuka, ƙanshin daddawa ya cika wuri, sai muka ga dama mu jarraba yaran gidan. Su biyar ne, babbarsu tana aji biyu na ƙaramar sakandare, autansu kuwa bai daɗe da shiga firamare ba. Muka ce, “Daddawar nan da ke cikin miya, daga ina ta ke fitowa?” Auta ya yi farat ya ce, “Daga kasuwar Makarfi, Baba.” Aka bushe da dariya. Wata ta ce daga kalwa ne, babbar kuma ta ƙara da cewa kalwa ’ya’yan ɗorawa ce. Muka ce madalla. To, yaya furen ɗorawa ya ke, kuma cikin wane wata ta ke yin sa? Nan fa ɗaki ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai cikin kwano.

Abin da ya sa wannan shiru ya dame mu shi ne, yaran nan kullum ta Allah sai sun bi ta ƙarƙashin ɗorawa sau biyu, zuwa makaranta da komowa. Ita babbar tana iya karanto maka sunayen sassan fure da Turanci daga farko har ƙarshe ba gargada, don an rubuta mata su a allo ta haddace, amma ba ta taɓa tsinka fure ta buɗe cikinsa ta duba ba. Ba za mu ɗora wa yara laifi ba, ba kuma za mu ɗora wa malamin aji ba, wanda a ke tara wa yara fiye da ƙima a ce ya ƙare manhaja kafin jarrabawa. In akwai laifi, namu ne, mu malamai da akawuna da sauran ma’aikata, waɗanda in mun komo gida ba abin da mu ke tambayar yaro sai, “Na nawa ka zo?” A daren nan muka ƙulla niyya za mu ɗauki itace guda ɗaya tak, mu riƙa kai masa ziyara tare da yara har shekara ta kewayo. Abin da muka gani shi mu ke so mu ba ku labari, ko wani ya ga dama ya gwada a nasa gida.

Kada wani ya zaci mu muka ƙago wannan dabara. A Ingila wata malama, Charlotte Mason, ta buga littafi a 1886 a kan tarbiyyar yara a gida, a ciki ta shawarci iyaye su sa ’ya’yansu su zaɓi ’yan itatuwa kaɗan su riƙa lura da su tun daga wannan sanyi har na baɗi. A Amurka kuma Anna Comstock ta Jami’ar Cornell ta fito da wani babban littafi a 1911 don malaman da ke son koyar da halittun Allah ta hanyar dubawa da ido. Mu ma kakanninmu sun yi irinsa ba da takarda ba, gama yaron da ya tashi yana bin ubansa gona, da yarinyar da ta tashi a gindin murhun kakarta, ba sai an gaya musu watan da ɗorawa ta ke nuna ba. Kuma ba cewa mu ke yi a cire yaro daga makaranta ba. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su kai ’ya’yansu. Wannan ƙari ne, na ranar Asabar da hantsi, ko wata yamma in an taso daga Islamiyya.

Wanda ya san ƙasar Makarfi da Kudan da Ikara ya san fadamun rake, ya san kuma gonakin tudu inda itatuwa ke tsaye jefi-jefi cikin dawa da masara: ga kuka, ga tsamiya, ga mangwaro, ga ɗorawa mai faffaɗan kai kamar laima. Mun zaɓi ɗorawa don ba watan da za ka je ka tarar da ita kamar yadda ka bar ta, kuma duk abin da ta bayar sai ya biyo ta tsakar gida. Wadda muka ɗauka tana bakin wata gona, tafiyar minti goma daga gida. Kafin mu taɓa ko ganye sai da muka je da yaran wurin mai ita muka gaishe shi, muka nemi izni. Wannan ma darasi ne, domin a wurare da yawa na ƙasar Hausa mai gona daban ne, mai itacen da ke cikinta daban, ana gādon ɗorawa kamar yadda a ke gādon gida. Dattijon ya yi mamaki ƙwarai da ya ji kallo kawai za mu yi. Ya ce mu kalla har mu gaji, amma kada a hau, kada a jefa.

Kayan aikin ba su da yawa: kowane yaro da littafin rubutu mai arha da fensir, sai igiya, da tef ɗin tela, da sanda miƙaƙƙiya. Doka kuwa ɗaya ce, kuma a kan babba ta ke. Ba zai ba da amsar abin da ido zai iya ganowa ba. In yaro ya yi tambaya, sai a ce masa, “Je ka duba, ka zo ka gaya mini.” Mun rantse muku, ga wanda ya saba tsayawa gaban aji da alli a hannu, ba abin da ya kai wannan wuya. Sau da yawa bayani ya kan zo mana har bakin leɓe, mu haɗiye shi kamar magani.

Ranar farko a gindi muka ƙare. Yara suka shafa ɓawo, suka ce kaushi ne da shi, da tsage-tsage daga sama zuwa ƙasa, launinsa tsakanin toka da ƙasa-ƙasa. Muka sa su ɗora takarda a kai su goga gawayi, sai ga zanen ɓawon ya fito sarai. Suka gano wani gefe inda masu magani suka sassaƙe shi, ga ƙaro ya tsattsafo ya daskare. Sa’an nan aka kewaya gindin da igiya daidai ƙirjin babba, aka shimfiɗa ta aka auna, ta ba da mita 2 da rabi. Babbar yarinya ta tuna da 22 bisa 7 da aka koya mata, ta raba, ta ce kaurin itacen daga wannan gefe zuwa wancan ya kusa santimita 80. Ta daɗe tana kallon amsar, don ba ta taɓa sanin lissafin nan yana da wani aiki bayan jarrabawa ba.

Tsawo ya fi ba su wahala, tun da an hana hawa. Suka yi ta kawo shawarwari, har da mai cewa a ɗaure goruna goma. Muka kafa sandar nan a fili muka ce su lura da inuwarta. Da hantsi ya ɗaga sai inuwar ta yi ta raguwa, har ta zo daidai da tsawon sandar. Muka ce, “To, in inuwar sanda ta yi daidai da sanda, inuwar ɗorawa fa?” Sai na tsakiyarsu ya zabura da gudu yana jan igiya. Suka auna daga tsakiyar gindi zuwa ƙarshen inuwa, suka sami wajen mita 14. Awon ba zai rasa ɗan kuskure ba, saboda kan ɗorawa a baje ya ke, ba shi da tsini kamar na giginya, amma ya isa. Ɗorawa ta kan kai mita 20 in ta sami wuri mai kyau. Malamanmu na zaure sun daɗe suna auna inuwa don sanin shigar la’asar, an kuma ce da wannan dabara wani masanin Yunanawa, Thales, ya auna dalar Masar tun kafin haihuwar Annabi Isa da ƙarni shida.

A kan ganye aka yi gardama mai daɗi. Muka ce kowa ya kawo ganye ɗaya. Auta ya kawo wani ɗan mitsitsi da bai kai rabin gaɓar yatsa ba. Wata ta kawo ɗan siririn tsinke mai ɗauke da irin waɗannan jere a gefe biyu kamar gashin tsuntsu. Babbar ta kawo abin da sauran suka ce reshe ne sukutum. Kowa ya ce nasa ne ganye. Muka nuna musu a jikin mangwaro cewa inda ganye ya haɗu da reshe akwai ɗan ido wanda sabon toho ke fitowa daga gare shi, muka ce su koma su nemi wannan ido a ɗorawa. Suka dawo suka tabbatar ba shi a gindin na Auta, ba shi a gindin tsinken, sai a gindin abin da suka kira reshe. Ashe duk wannan ganye ɗaya ne da aka rarraba shi sau biyu. Suka zauna ƙidaya: tsinke 28, kowanne da ’yan ganye wajen 80, watau ganye guda yana ɗauke da ƙanana fiye da 2,000. A kan ƙotar ganyen kuma, kusa da tushe, suka ga wani ɗan tabo kewayayye. Can sama suka hango wani kurmin ganye dabam da na uwar, muka bar su suka yi mako guda suna tambaya a gari kafin su zo da sunansa: kauci, wanda ƙananan tsuntsaye ke shafa ’ya’yansa masu danƙo a jikin reshe, ya tsiro ya riƙa shan ruwan itacen.

Ba za mu ɓoye muku ba, cikin Janairu abin ya so ya mutu. Sanyi, ga hazo, itace ya zubar da ganye da yawa, yara suka ce ba wani sabon abu. Mako biyu ba a je ba. Abin da ya ceci karatun shi ne fitowar waɗansu ’yan dunƙule-dunƙule masu reto a kan dogayen igiyoyi, kamar an rataya wa itacen tuntaye. Yara suka tsinci ɗaya da iska ta kayar suka kawo gida, muka yi shiru bisa doka, sai kakarsu ta karɓa ta jujjuya ta ce, “Wannan ai gundar tutu ce. In ta buɗe ta yi ja, ita ce tutu. Mu da muna yara tsotsonta mu ke yi.” Daga ran nan Kaka ta zama babbar malamar ajin. Ita ta gaya musu in fure ya kaɗe ’ya’ya suka fara zubowa sirara, sabada ke nan. In sun yi tsawo ba su nuna ba, garda. Waɗannan kalmomi duk suna cikin ɗan littafin sunayen tsire-tsire na Hausa wanda wani likita, J. M. Dalziel, ya buga a 1916 bayan ya yi aiki a Arewa. Abin kunya ne a ce baƙo ya tattara su fiye da shekara ɗari da suka wuce, jikokin masu harshen kuwa ba su taɓa jin su ba.

Da muka tsaga tutu guda a kan faranti, yara suka ga ashe ba fure ɗaya ba ne. Ɗaruruwan ƙananan furanni ne cunkushe a jikin dunƙule guda. Suka ga kuma dunƙulen biyu ne, babba a ƙasa, ƙarami a sama wajen igiya, da ɗan kwari tsakaninsu. Sai ɗaya daga cikin ’yan matan ta yi wata tambaya wadda ta fi duk tambayoyinmu. Ta ce, “Baba, me ya sa kullum muka zo da hantsi sai mu tarar tutun jiya ya yi yaushi, na yau kuwa bai buɗe ba? Yaushe ya ke buɗewa?” Muka ce sai a zo a duba.

Ran Juma’a cikin Fabrairu muka tafi bayan la’asar sakaliya da tabarma da tocila, muka rufe bakin tocilar da jan ƙyalle don kada haske ya yi yawa. Rana na faɗuwa tutu ya fara kumbura, zaruruwa ja suka miƙe ko’ina a jikinsa har ya zama kamar ƙwallon ulu, wani irin wari mai tsami-tsami ya taso. Muka yi sallar magariba a nan gefen gona. Duhu na shiga sai muka ji fuka-fukai. Jemagu ne, irin masu cin ’ya’yan itace, masu fuska kamar ta ɗan kwikwiyo. Ɗaya ya zo ya kama tutu ya rungume, ya cusa baki cikin ɗan kwarin nan na sama, bai fi ƙiftawar ido biyu ba ya saki ya wuce, tutu na ta lilo. Wani ya zo, wani ya tafi. Yaran da ba sa iya zama shiru ko a gaban baƙo, sai ga su ko tari babu. Da muka haska wani tutu na ƙasa-ƙasa suka ga ruwa na ƙyalli a cikin kwarin, Auta ya dangwala ya lasa ya ce zuma ce.

Sai bayan sun gani da idonsu muka ba da bayani. Furannin da ke ƙaramin dunƙule ba sa yin ’ya’ya, aikinsu zubo ruwan zaƙi. Jemage in ya rungumi tutu don ya sha, sai garin fure ya manne a gashin ƙirjinsa, ya kai shi ga tutun wata ɗorawa, ta haka a ke samun barbara. Kowane tutu dare ɗaya ya ke yi. Da asuba ƙudan zuma su kan zo su kwashi abin da ya rage, su ma suna taimakawa. Doguwar igiyar nan kuwa ita ke fid da fure daga cikin rassa, jemage ya same shi ba tare da ya karce fiffike ba. Masana biyu, H. G. Baker da B. J. Harris, su suka bayyana wannan a rubuce a 1957, bayan sun yi ta kwana a gindin ɗorawa a ƙasar Gana, kuma ba da wani abu suka gano shi ba wanda ya wuce haƙuri da ido. Na tsakiyar nan, wanda ya shahara a unguwa da harbin jemage da danƙo, ya yi tsaki a hanyar komowa ya ce, “Ashe su ke yi mana daddawa.” Amma fa a yi hattara: kada a bar yaro ya taɓa jemage, rayayye ko matacce, don suna ɗauke da cututtuka, kuma kada a je gona da dare ba takalmi, ba babba.

Tun da yara sun ga dunƙule biyu, muka gaya musu sunan da masana na duniya suka san itacen da shi, Parkia biglobosa. Kalma ta biyu ma’anarta mai dunƙule biyu. Ta farko kuwa daga sunan Mungo Park ne, baturen da ya bi Kwara ya hallaka a Busa a 1806. Wani masanin tsire-tsire, Robert Brown, shi ya raɗa sunan a 1826, cikin bayanin da ya yi na tsire-tsiren da Denham da Clapperton da Oudney suka tara a tafiyarsu ta Barno da ƙasar Hausa. Clapperton ɗin nan shi ne ya sadu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato a 1824, ya sake dawowa ta Zariya a 1826, ya mutu a Sakkwato a 1827. Kaka ta saurara har muka gama, ta ce ita dai ba ta ga abin da Bature ya yi wa ɗorawa ba da za a ba shi ita.

Daga Maris zuwa Afrilu yara suka bi sabada ta zama garda, garda ta yi duhu ta bushe. Suka lura duk yawan furannin nan, ’yan kaɗan ne a kowane tutu suka zama ’ya’ya, waɗansu tutun ma ko ɗaya babu. Ranar da mai itace ya zo kaɗa da doguwar gora mai ƙugiya, ya ba su dami guda. Suka auna, mafi tsawo ya haura santimita 30. Suka ɓare, ga gari rawaya mai zaƙi, ga kalwa a jere, daga goma sha wani abu zuwa ashirin. Kaka ta ce su lura da lokacin da wannan gari ke zuwa: cikin bazara, sa’ad da rumbu ya fara sauka, sabon hatsi kuwa da sauran watanni. Ta ce a shekarar fari ta 1973 gidaje da yawa da shi suka riƙa dama ruwa su ba yara. Ɓawon ma ba a yar da shi, shi a ke jiƙawa a sami makuba ta daɓe da shafen bango, wadda ke sa ƙasa ta yi ƙarfi ta jure ruwa. Yaran sun tashi cikin siminti, ba su taɓa jin sunanta ba.

Aikin daddawa na mata ne, don haka muka koma gefe, uwarsu da Kaka suka karɓi aji. Aka dafa kalwa yini guda cur har ta yi laushi, aka surfa ta a turmi, aka wanke ɓawon ya tafi, aka sake dafawa, sa’an nan aka zuba a ƙwarya aka rufe da ganye da tsumma, aka ajiye a ɗumi. Kullum da safe yara su je su sansana su rubuta. A kwana na uku ta yi yauƙi, ta yi baƙi, warin da kowa ya sani ya fito. Muka gaya musu waɗansu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani suka yi wannan aiki, masana na kiran babbansu Bacillus subtilis, kuma kalwa wajen kashi ɗaya cikin uku nata abinci ne mai gina jiki, abin da ɗan dunƙulen Maggi ba zai ba ka ba. Yarabawa na kiranta iru, mutanen Mali sumbala, na Senegal netetu. Ba mu hana kowa sayen dunƙule ba, mu ma akwai shi a gidanmu, amma ya kamata yarinya ta san bambancinsu.

A nan ne karatun ya juya ya zama wani abu da ba mu shirya masa ba. Yara suka so su san shekarun itacen. Muka aike su wurin mai shi. Ya ce bai san ranar da ta tsiro ba, amma mahaifinsa ya gaya masa tun zamanin Sarkin Zazzau Ja’afaru a ke kaɗe ta. Muka ba su jerin sarakuna: Ja’afaru daga 1937 zuwa 1959, Muhammadu Aminu zuwa 1975, Shehu Idris zuwa 2020, sa’an nan Ahmad Nuhu Bamalli. Suka lissafa, suka ce lalle ta haura shekara 70, ta ga sarakuna huɗu. Sai Auta ya ce, “To, Baba, in ta tsufa haka, ina ’ya’yanta?” Muka ce a je a duba. Asabar biyu muna kewaya gonakin wannan gefe na gari. Manyan ɗorawa sun gani, kututturan waɗanda aka sare ma sun gani, amma ƙarama wadda ba ta kai tsawon mutum ba, ko guda ba su samu ba.

Dalilan ma su suka tono su. Kalwar da ta shiga tukunya ba ta tsirowa har abada, kuma kusan duk ’ya’yan a ke kaɗewa. Wadda ta tsira ta faɗi ƙasa ta tsiro, garmar shanu ta tumɓuke ta, ko akuya ta cinye ta da rani, ko wutar sassabe ta ƙone ta. Dā gona ta kan huta shekaru, ƙananan itatuwa su sami sarari su yi ƙarfi, yanzu kuwa jama’a ta yi yawa, ba saura. Manyan kuma masu gawayi da masu itacen girki na binsu ɗaya bayan ɗaya. A zamanin En’e, kafin a rushe ta a 1976, ba a sare irin wannan itace sai da iznin malamin daji. Ba mu ce zamanin ba shi da nasa zalunci ba, amma dai gatari na jin tsoro. Manomi kuma yana da tasa hujja, gama da damina ta yi nisa yaran sun gwada tsawon dawar da ke ƙarƙashin inuwa da ta fili, suka ga ta inuwa ta gaza nesa ba kusa ba. Ɗorawa ba kamar gawo ba ce, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana. Maganin wannan sassabe rassa ne, ba kashe uwa ba. Kuma abin da ya lalace yana gyaruwa: a ƙasar Maraɗi, tun daga 1983, manoma Hausawa irinmu suka shiga barin tohon kututture suna renonsa a gonakinsu, har masu bincike suka ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun tashi a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Yaran suka ware kalwa 30 daga cikin damin da aka ba su, kafin Kaka ta kai ga tukunya. Goma aka shuka yadda su ke, goma aka zuba cikin ruwan da aka sauke daga wuta aka bar su suka kwana, goma kuma aka ɗan kankare bayansu a kan dutse. Aka shuka cikin ledojin ruwa da aka huda, aka jera a bayan ɗaki, kowa da ranar ban-ruwansa. Waɗanda aka kankare suka riga fitowa, na ruwan zafi suka biyo, na farko kuwa yawancinsu suka yi zamansu cikin ƙasa. Da aka yage leda guda aka duba, saiwar ta ninka abin da ke sama tsawo, muka gane ba a barinsu su daɗe a leda. Cikin Yuli muka dasa shida a iyakar gonarmu, muka kai wa mai tsohuwar ɗorawa biyu. Ya karɓa yana dariya, ya ce ɗorawa sai ta yi shekara takwas ko goma kafin ta yi ’ya’yan kirki, shi kam ba zai ci ba. Duk da haka da kansa ya saro ƙaya ya kewaye su.

Da hunturun 2024 ya shigo muka koma da igiyar nan ta farko muka sake kewaya gindin uwar. Bambancin bai kai faɗin yatsa ba. Daga cikin shidan da muka dasa akuya ta ci biyu, ɗaya ta bushe, uku na nan sun kai kamu guda, Auta na kai musu ruwa a tsohuwar buta duk bayan kwana biyu. Littattafan yaran sun cika, sun yi baƙi da gawayi da tabon garin ɗorawa. An sayo sababbi, ana kuma gardama tsakanin masu son tsamiyar bakin kasuwa da masu son kukar bayan makaranta. Kaka ta ce kuka za a yi, don ita ma da dare ta ke buɗe furenta.